Wace bishiyar katako ce ke saurin girma, kuma a sare ta ta sake tohowa?

Tambaya: Ina da gonar gado hekta huɗu a wajen Saminaka, kuma saura 'yan shekaru in yi ritaya. Na ga ana tallan wata bishiya a Facebook mai suna Paulownia, wai shekara biyar ake fara yanka katakonta, in an sare kuma ta sake fitowa ba sai an yi sabon dashe ba. Da gaske ne? In ba ita ba, wace bishiya zan dasa wadda za ta ba da katako mai kyau da wuri, 'ya'yana ma su ci gaba da mora?

Amsa: Malam, Allah ya sa a gama aiki lafiya. Niyyar tana da kyau, kuma wurin da gonarka take ya taimake ka, domin ƙasar Lere tana samun ruwan sama sama da milimita 1,000 a shekara, abin da mutumin Daura ko Gumel ba ya samu. Amma ka dakata da tura wa mai tallan nan kuɗi. Saurin girma ba a sunan bishiya yake ba. Yana cikin zurfin ƙasar da aka sa ta, da ruwan da take samu, da hannun da ke kula da ita a shekaru goman farko. Bishiya ɗaya, iri ɗaya, ta yi kaurin ganga a wannan gona cikin shekara goma sha biyar, a wata gonar kuma ta tsaya kamar sandar makiyayi har mai ita ya gaji ya sayar wa masu itacen girki.

Paulownia 'yar ƙasar Sin ce. A lardunan Henan da Shandong manoma na dasa ta layi-layi a cikin gonakin alkama, a Japan kuma da ita ake yin akwatunan adana tufafi da wasu kayan kiɗa. Saurin girmanta gaskiya ne, tohon kututturenta ma gaskiya ne. Abin da masu talla ke tsallakewa shi ne nauyi. Kubik mita ɗaya na busasshen katakonta da ƙyar yake kai kilo 300, alhali na tik (bishiyar da ake kira teak a Turance) yana wajen 650, na maɗaci kuwa ya haura 700. Masana sun sa ta a rukunin itatuwa masu tauri ne kawai don tana da faffaɗan ganye kuma tana fure. Wannan rabon na ilimin tsirrai ne, ba ruwansa da ko katakon zai riƙe ƙusa. Ka danna mata farce zai bar shaida. Ba a ɗora wa irin wannan katako kwanon rufi, ba a yin gado ko ƙofar waje da shi. Sannan tana son ƙasa mai zurfi mai sako-sako da ruwa a kai a kai lokacin da take girma, ga shi ba ta jure ruwa ya kwanta mata a saiwa. Ranin wata shida da iskar hunturu irin namu sai da ban ruwa, ban ruwan hekta huɗu na shekaru kuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ko ta girma, wa zai saya? Ka shiga 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano ko ta Sabon Garin Zariya ka ambaci sunanta ka ga ko akwai wanda zai taya. Ka ce wa mai tallan ya kai ka gonar da aka dasa, aka sare, aka sayar a ƙasa irin taka, kuma ya haɗa ka da wanda ya saya.

Ba talaka kaɗai wannan ruɗi ke kamawa ba. A 1967 wani hamshaƙin attajirin Amurka, Daniel Ludwig, ya sayi makeken daji a bakin kogin Jari a Burazil, ya share ya dasa malaina don yin takarda, saboda an shaide ta da saurin girma a wasu ƙasashe. Inda ƙasar take rairayi malainar ta ƙi, dole aka koma wasu itatuwan, a 1982 ya sayar da aikin da asara mai yawa. Bishiyar ba ta yi ƙarya ba, wurin ne ba nata ba. A Indiya kuma cikin shekarun 1990 kamfanoni sun yi ta karɓar kuɗin jama'a da alkawarin kowa zai mallaki bishiyoyin tik ya yi arziki bayan shekara ashirin, da yawansu suka rushe da kuɗin mutane.

Don haka aikinka na farko da diga da shebur za ka yi shi. Ka sa a haƙa ramuka a sassa daban-daban na gonar, kowanne ya kai ƙirjin mutum. Ka duba bangon ramin: a ina jar ƙasa mai laushi ta ƙare, a ina aka ci karo da marmara ko tsakuwa mai ƙanƙame da juna? In diga ta fara tartsatsi tun ramin bai wuce gwiwa ba, wannan sashen ba na tik ba ne, ba na malaina ba ne. Ka bar ramukan a buɗe har watan Agusta. Wanda ruwa ya kwana biyu uku a cikinsa bai tsotse ba, nan ma tik ba za ta yi ba. Gonar hekta huɗu da wuya ta zama ƙasa iri ɗaya daga wannan iyaka zuwa waccan, shi ya sa ba na son a cika ta da bishiya iri guda.

Wadda ta fi kusa da abin da kake nema ita ce malaina. Asalinta Indiya da ƙasashen da ke gabas da ita, amma ta daɗe a Najeriya har mutane na ɗaukar ta 'yar gida. An dasa dubban hektoci nata a gandun dajin Omo a Ogun da Oluwa a Ondo don ciyar da masana'antar takarda ta Iwopin. Masana'antar ba ta taɓa yin aiki yadda aka tsara ba, bishiyoyin suka wuce lokacin sara suka yi kauri, masu injin yanka suka faɗa musu. Ta haka kafintoci suka gano katakon yana da daɗin aiki: fari ne mai ɗan ruwan ƙasa-ƙasa, yana goguwa sumul, yana karɓar fenti, kuma in ya bushe sosai ba ya murɗewa. Yau ba kasuwar katakon da za ka shiga ba ka same ta ba, ana kujeru, ƙofofin ciki, silin da akwatuna da ita. Wannan shi ne babban abin da ta fi Paulownia da shi, mai saye ya riga ya san ta.

A ƙasa mai kyau tana ba da sanduna a shekara biyar zuwa shida, gungumen da za a yanka falanki kuma daga shekara goma sha biyu zuwa sha biyar. Nauyinta na tsaka-tsaki ne, kilo 400 zuwa 500. Aibinta uku ne. Tana da jinkirin bushewa ƙwarai; falanki zai bushe a waje cikinsa na jiƙe, kafinta mai gaggawa ya haɗa ƙofa, bayan wata biyu haɗin ya buɗe baki, a ɗora wa bishiyar laifi. Ba ta jure zama cikin ƙasa, gara na cin ta, don haka ba ta yin dirka ko turken shinge sai an sa magani. Na uku, a ƙasa marar zurfi takan yi tashin farko mai ban sha'awa, shekara huɗu biyar kowa na yabo, daga nan sai ta tsaya cik, kan ya fara bushewa. Awaki da shanu kuma suna son ganyenta da 'ya'yanta. Irinta ba ya ajiyuwa, in ya shekara yawancinsa ya mutu, saboda haka sabon tsinta ake shukawa.

Tik ita ce mai daraja. Katakonta na da wani maiƙo a jiki da ke hana ruwa da gara yi masa illa, shi ya sa tun zamanin da ake gina jiragen ruwa da shi. Ɗaya daga cikin tsofaffin gandayen tik da aka dasa da hannu yana Nilambur a kudancin Indiya tun shekarun 1840, kuma har yau Indiya ce babbar mai sayen tik ɗin Afirka ta Yamma. Ba sai ka je nesa ba kafin ka gan ta: gandun Nimbia da ke gindin tsaunin Jos a kudancin Kaduna an fara dasa shi tun ƙarshen shekarun 1950, tik da malaina ne a ciki. Sai dai Nimbia ta fi Saminaka ruwa. Tik ta fi sakewa daga milimita 1,200 zuwa sama, tare da rani na wata uku zuwa biyar. Kai kana bakin iyakarta ne, don haka sashen da ya fi zurfi da danshi kaɗai za ka ba ta, inda ruwa ke wucewa ba ya kwanciya.

Kuma kada wani ya ce maka tik ta shekara goma katako ce. Ka dubi kan gungumen da aka yanke: akwai da'ira mai ruwan zuma a tsakiya, akwai farin zobe da ke bin ɓawo. Tsakiyar nan ita ake biya wa kuɗi. Farin gefen ƙwaro na huda shi yana zubo gari kamar kowane itace. Ƙaramar bishiya yawancinta fari ne, sai ta manyanta tsakiyar ke faɗaɗa. Shekara ashirin zuwa ashirin da biyar shi ne mafi gaggawar abin da ake yi a gandayen zamani, a da kuwa har shekara sittin zuwa tamanin ake bari. Abin da ake samu kafin nan shi ne sandunan da aka rage, waɗanda ke tafiya a turakun wayar lantarki da aikin gini. Wajen dashe tana da sauƙi ta wani fanni: ana rainon ta shekara guda a fili, a tumɓuke, a datse kan a bar ɗan guntu kamar gaɓar yatsa, a datse saiwar a bar kamar taƙi guda, a aske ƙananan jijiyoyin. Wannan ɗan guntun, mai kaurin babban yatsa, shi ake cusawa a rami da farkon damina. Mutum ɗaya zai ɗauki ɗaruruwa a buhu, ba wahalar jigilar leda. Ƙwallon irin ne mai taurin kai, sai an yi ta jiƙa shi da dare ana shanyawa da rana na kwanaki kafin ya yarda ya tsiro.

Sashen da ƙasar ba ta da kirki kuwa, turare za ka ba, wanda wasu ke kira zaiti. Daga Ostireliya ya zo, kuma ya fi sauran haƙuri da fako da ƙarancin ruwa. Shi aka dasa a tsofaffin filayen haƙar kuza na Jos, shi ne a yawancin shingayen kare iska na Kano da Jigawa, kuma a tsaunin Mambila, wajen Gembu da Nguroje, ya zama abin da mutane ke yanka suna lodawa a mota zuwa wasu garuruwa. Gwaje-gwajen da aka yi a Afaka kusa da Kaduna da sauran tashoshin bincike tun shekarun 1960 sun nuna cewa ko a cikin turare iri ɗaya, asalin wurin da aka ɗebo irin yana da tasiri: wanda aka kawo daga Petford a arewacin Ostireliya, inda ake damina da rani irin namu, ya yi wa na kudancin ƙasar nisa. A shekara huɗu zuwa shida yana ba da miƙaƙƙun sandunan da magina ke tokare rufin kankare (dakin) da su, kasuwar da ba ta mutuwa muddin ana gini a Kaduna da Jos da Abuja. Wajen toho ba kamarsa.

Amma a matsayin falanki yana da hali. Bishiyar da ta yi saurin tashi tana da wani ɗauri a cikin jikinta, da zarar an kayar sai kan gungumen ya tsage, falankin ya fito yana lanƙwasa tun a bakin zarto. Manyan da suka daɗe sun fi dama. Gara na cinye saiwar ƙananan dashensa a shekarar farko in ba a sa magani a ramin ba. Kuma mashayin ruwa ne: kada ka kai shi bakin rijiya, ko fadama, ko iyakar gonar maƙwabci, domin masarar da ke kusa da shi ba za ta yi ba, rigimar da za ta biyo baya kuma ta fi kuɗin sandunan.

Ni dai da gonar tawa ce ba zan bar maɗaci a baya ba, ko da yake ba ya cikin masu gaggawa. Ɗan gida ne, ya san ranin nan, katakonsa ja mai nauyi dangin mahogani ne na gaske. Abin takaici, a arewacin Ostireliya an dasa dubban hektoci na maɗacinmu don katako, mu kuwa mun bar shi a bakin titi masu magani na ɓare masa ɓawo. Abin da ke hana shi miƙewa a nan wata tsutsa ce da ke shiga kan sabon toho ta cinye cikinsa, kan ya mutu, bishiyar ta yi rassa biyu uku tun tana ƙasa. Maganin da ya fi aiki shi ne kada a dasa shi shi kaɗai a jere. A cakuɗa shi cikin wasu itatuwan, kuma duk shekara a bi da almakashi a zaɓi reshe ɗaya mai ƙarfi a cire sauran har gangar ta wuce mita biyar ko shida. Shekara talatin ake maganarsa. Rabon 'ya'yan da ka ambata ke nan.

Dalilin da ya sa nake ganin irin waɗannan za su yi tsada nan gaba a bayyane yake. Dubi abin da ya sami maɗobiya. Daga wajen 2014 aka yi mata rubdugu a Taraba, Adamawa da Kogi ana loda gumagumai zuwa Sin don yin kayan ɗaki na alfarma, itacen da makiyaya ke dogaro da ganyensa da rani. Taron yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, ya sa ta cikin jerin waɗanda sai da izini ake fitarwa a 2016, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. A taron 2022 a Panama aka ƙara da maɗaci da kawo na Afirka. Dajin Allah da ake shiga a yanka kyauta yana ƙarewa, kuma wanda ke da shaidar cewa shi ya dasa nasa zai fi kowa samun hanyar sayarwa.

Yanzu ga inda yawancin masu dashe ke faɗuwa, kuma ya fi zaɓen iri muhimmanci. Ana dasawa da tazarar mita uku-uku, wato bishiya 1,111 a hekta. Ana matse su haka da gangan don su yi tseren neman rana su miƙe, rassan ƙasa su mutu da wuri. Amma ba duka za su zama katako ba. Yadda manomi ke rage gero a rami don sauran su yi zangarniya, haka ake rage bishiya. Da zarar rassan sama sun haɗe, ciyawar ƙasa ta fara mutuwa don inuwa, a shekara ta huɗu ko ta biyar ke nan ga malaina, sai a cire kusan rabi. Bayan wasu shekaru huɗu ko biyar a sake ragewa. A ƙarshe 200 zuwa 300 ake bari a hekta. Kuma karkatattu da masu rassa biyu da raunana ake cirewa, a bar kyawawan. Na sha ganin akasin haka: mai gona ya matsu da kuɗi, mai saye ya zo ya zaɓi manya-manyan ya sare, aka bar masa tarkace yana jiran su zama katako.

Mutane na jin ciwon sare bishiyar da suka sha wahalar raino, amma lissafin ba ya ƙarya. Ɗauki gungume mai tsawon mita shida. In kaurinsa daga gefe zuwa gefe santimita 15 ne, itacen da ke cikinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na kubik mita ne. In kaurin ya kai santimita 30, ya haura kashi huɗu cikin goma. Kauri ya ninka sau biyu, itace ya ninka sau huɗu. Sannan zarto da ɓawo da gefe-gefe na cinye fiye da rabi, musamman in da injin hannu aka yanka. Babban zai ba ka tu-bai-fo mai ƙafa goma sha biyu kamar guda tara, ko falanki masu faɗi da kafinta ke nema. Siririn kuwa in an yi masa kusurwa huɗu abin da zai rage bai taka kara ya karya ba, kuma rabinsa farin gefe ne. Bishiya dubu sirara sandunan gini ne, ɗari biyu da hamsin masu kauri su ne katako. Don ka san inda kake, ka sami tef ɗin tela, ka zaɓi bishiyoyi ashirin ka yi musu lamba da fenti, duk watan Janairu ka auna kewayensu daidai ƙirjinka ka rubuta. Kewayen santimita 110 shi ne kaurin santimita 35. Shekarar da ka ga ƙarin ya ragu sosai, gonar na gaya maka ta matse.

Datse rassa kuma tun suna ƙanana ake yi, kafin su wuce kaurin babban yatsa, da zarto mai kaifi dab da jikin ganga, ba da adda ba. Kowane reshe da aka bari ya yi kauri zai zama ido a cikin falanki, nan ne katako ke karyewa, nan ne mai saye ke rage kuɗi. Kada datse rassan ya wuce rabin tsawon bishiyar a lokaci guda.

Batun sake tohowa da ya ja hankalinka, malaina, tik, turare da darbejiya duk suna yi, ba wata baiwa ce ta bishiyar talla ba. Sai dai yana da ƙa'ida. A sare ƙasa-ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a ɗan karkace don kada ruwa ya zauna a kan kututturen ya ruɓar da shi. Zai fito da toho goma ko fiye. Bayan shekara a bar ɗaya ko biyu mafiya ƙarfi, waɗanda suka fito daga ƙasan kututturen, domin na sama iska na ɓalle su. Tohon ya fi dashen farko sauri tunda saiwa ta riga ta kafu, amma ya fi dacewa da sanduna bisa ga manyan gumagumai, kuma kowane zagaye wasu kututturan na mutuwa. Bayan sara biyu ko uku sabon dashe ake yi. Ƙasar ma tana gajiya. Yawancin abincin da bishiya ta zuƙa yana cikin ganye, ƙananan rassa da ɓawo, don haka a bar su su ruɓe a gonar. Wanda ya kwashe komai har ganye, ya bi da wuta, zagaye na biyu zai ga bambanci.

Abin da ke sa gandun itace ya ɗore shi ne kada a sare fiye da abin da ya ƙaru, kuma hanya mafi sauƙi ga mai hekta huɗu ita ce kada ya dasa duka a shekara ɗaya. Ka dasa rabin hekta bana, rabi baɗi, a haka har gonar ta cika cikin shekara takwas. Kuɗin aikin ya rarrabu, kuskuren shekarar farko ba zai shafi duka ba, in lokacin sara ya zo kuma kowace shekara akwai abin sayarwa maimakon a share gonar rana ɗaya a koma zaman jira. A tsakanin layukan kuma ka yi noma shekara biyu ko uku na farko, gyaɗa, waken suya ko wake marar yaɗo. Dabara ce tsohuwa da aka faro a ƙasar Bama (Myanmar), aka kawo ta Sapoba a ƙasar Edo a 1927. Noman da ake yi wa amfanin gona shi ne noman bishiyar, ciyawa kuwa ita ce ke kashe dashe a shekarar farko fiye da komai.

In akwai ɗorawa, kaɗanya, tsamiya ko kirya a gonar, ka bar su, ka dasa a kewaye. Share itatuwan gida don a sa baƙi ba ci gaba ba ne. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna abin da kututturan da ke cikin gona za su iya: tun shekarun 1980 suka koma sassaben zamani, suna barin tohon gawo da kalgo da sauransu suna gyara shi, har aka ƙiyasta filin da ya farfaɗo da hekta miliyan biyar. Ga masu karatu da ke can arewa inda ruwa bai kai milimita 700 ba, wannan hanyar da darbejiya da turare su ne naku. Darbejiya dangin maɗaci ce, gara ba ta cika damun katakonta ba, kuma ita aka jera a kwarin Majiya a jihar Tawa tun 1975 don tare iska. Tik da malaina ɓarnar kuɗi ce a can.

Wuta ita ce babbar abokiyar gaba. Kafin ciyawa ta bushe, a watan Oktoba zuwa farkon Nuwamba, a share fili mai faɗin mita biyar ko fiye a kewaye gonar har ƙasa ta fito, a kuma ratsa ta ciki. Babbar tik na tsira daga wuta, amma tabon na nan cikin gindin, daidai gungumen da ya fi tsada. Dabbobi kuma sai da shinge da fahimtar juna da makiyayan yankin a shekaru ukun farko. Ba su damar yankar ciyawar cikin gonar ya fi faɗa arha. Ka je ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma tun yanzu a rubuta cewa kai ka dasa, da iri da shekara, ka ajiye rasiɗin sayen dashe, domin ranar sara da ɗaukar kaya sai da takardar izini. Tunda gonar ta gado ce, a tabbatar an raba an rubuta da shaidu kafin ka sa ko da guda ɗaya. Filin da ba wanda ya kula da shi yau, ranar da tik ta yi kauri a kansa 'yan'uwa za su tuna da shi.

In da zan raba maka, bayan ramukan sun nuna halin ƙasar: malaina ta ɗauki kaso mafi girma da maɗaci jefi-jefi a cikinta, tik a sashe mafi zurfi, turare a tudun tsakuwa nesa da maƙwabta. Wajen iri, nemi na cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke Ibadan kuma tana da tasha a Samaru da kwaleji a Afaka da Jos, ko ka tsinta da kanka daga ƙarƙashin miƙaƙƙun bishiyoyi masu lafiya da yawa. Yaran da ake aikawa tsintar iri gindin gajeriyar bishiya mai rassa suke zuwa don ta fi zuba, 'ya'yanta kuma halinta suke ɗaukowa.

Ranar sayarwa kada ka yarda a yi maka kuɗin gona a tsaye da ido. Ka ƙirga, ka auna, ka yi wa waɗanda za a sare alama, a yi ciniki a kan kowace bishiya ko kowane gungume, kuma kai ko wakilinka na wurin lokacin sara. In za ka iya yankawa da kanka ka busar, ribar ta fi yawa. A shafa wa kan gumagumai da falankin fenti ko baƙin mai don kada su tsage, a jera su a inuwa bisa dandamali da ya ɗaga daga ƙasa, a sa siraran sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane jeri daidai saitin juna, a danne saman da duwatsu. Da hunturu a kare gefen da iska ke bugowa da zana, domin bushewar gaggawa ita ke fasa katako. Falankin malaina mai kaurin inci ɗaya ka ba shi watanni, mai inci biyu kuwa ya fi haka nesa, kuma hanyar ganewa ita ce ka riƙa ɗora guda ɗaya a sikeli duk mako biyu har nauyinsa ya daina raguwa.